Jagorar Ɗalibin Kimiyya: Yadda Fita Wayar da Kai Ke Mayar da Kai Ɗan Sana'a Tun Kafin Digiri

Ka shiga sashen nazarin ƙananan halittu ko na bayokemistiri a kowace jami'a daga Sakkwato har Maiduguri, ka tari ɗan aji uku ka ce masa, "Me kake karantawa?" Sau da yawa amsar da wutsiyarta take zuwa: "Maikurobayoloji, amma fa likitanci na cika a JAMB." Shekara ta uku ke nan yana sashen, ya haddace handawut ba adadi, amma har yau zaman baƙunta yake yi, kamar mai jiran mota a tasha. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. A ɗakin lacca shi mai karɓa ne kullum. A ɗakin gwaji mutum goma ne a kan madubin duba ƙananan halittu ɗaya, kafin layi ya zo kansa an ɗauke wuta. Babu ranar da wani ya taɓa buƙatar iliminsa.

Fita wayar da kai ita ce wurin farko da ake buƙatarsa. Ranar da yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me ya sa?" kuma duk ɗakin babu mai amsawa sai kai, ranar ce za ka fara jin nauyin fannin a kafaɗarka. Amma ba kowace fita ke yin wannan aikin ba. Akwai ta riga da hula iri ɗaya da ƙyalle mai rubutu, a yi hoto a watsa a Facebook a watse. Wannan yawon buɗe ido ne. Ga yadda ake yin wadda ke barin alama a jikin mai yinta.

Mataki na 1: Ɗauki abu ɗaya, kuma na sashenku

Kada ka ce za ku je "koyar da kimiyya". Zaɓi tambaya guda wadda fanninka ke amsawa, kuma mutanen wurin suna rayuwa da ita. Ɗan kemistiri yana da gubar dalma: abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu saboda dakan dutsen zinariya a cikin gidaje, darasi ne da ba ya tsufa a duk inda ake haƙar ma'adinai. Ɗan fiziks yana da randa: me ya sa ruwanta ke sanyi a tsakiyar bazara? Daga nan sai ya kai su ga Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ɗan bayoloji yana da sikila da gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024, ga mutane da yawa suna yin gwajin ba su san me takardar ke cewa ba.

Dalilin nacewa a kan na sashenku shi ne, in ɗan jiyoloji ya tafi yana wa'azin wanke hannu, ya yi aikin lada, amma bai ƙara zama ɗan jiyoloji ba. Ya je ya yi bayanin me ya sa rijiyar wannan unguwa ke da zartsi ta waccan ba ta da shi.

Mataki na 2: Mutum biyar da malami ɗaya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mutum talatin ma ba sa ɗauka, kallo suke yi. Biyar zuwa bakwai sun isa, kuma a samu mata a ciki, don akwai ajin da namiji ba zai ji tambayar gaskiya daga bakin ɗalibansa ba ko zai kwana a tsaye. Idan sashenku yana da ƙungiyar ɗalibai, irin su NiMSA ta masu karatun likitanci, PANS ta masu harhaɗa magunguna, ko NUESA ta injiniyoyi, ku fake a inuwarta, ta fi sauƙin samun takarda. A riƙa juya aiki: wanda ya yi bayani yau, gobe shi ne mai ɗaukar kaya da rubuta tambayoyi. In ba haka ba, mai baki ɗaya zai zama gwani, sauran su zama 'yan rakiya.

Sai ku nemi malami ɗaya da zai duba abin da za ku faɗa. Ba dole sai farfesa ba. Ƙaramin lakcara ko ma'aikacin ɗakin gwaji da ya shekara ashirin yana haɗa sinadarai yakan fi samun lokacinku, kuma shi zai ce muku, "Wannan kada ku haɗa shi a aji marar taga."

Mataki na 3: Shiga ta ƙofa

Takarda daga shugaban sashe, mai hatimi, ita ce farko. Ku kai ta da ƙafarku wurin shugaban makaranta, zuwa da kai ya fi saƙo. Ku tambaya ko sai an bi ta ofishin ilimi na shiyya, don wasu wuraren haka tsarin yake. Ku nemi ganin malamin kimiyya na makarantar tun ranar, ku gaishe shi a matsayin na gaba, ku tambaye shi inda yaran suke a manhaja da abin da ke ba su wuya. Idan akwai kulob ɗin JETS, na ɗalibai masu sha'awar kimiyya da fasaha, ko da suna kawai ya rage, ta nan za ku shiga. Kada ku taɓa gyara wa malami kuskure a gaban ɗalibansa. Ku za ku tafi, shi zai kwana da su.

Wace makaranta? Shawarata, ku bar irin su kwalejojin kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda tun 1977 aka kafa su don wannan aikin. Ku nemi makarantar jeka-ka-dawo ta bayan katangar jami'arku, wadda yaranta ke wuce ƙofar jami'a kullum ba su taɓa shiga ba.

In kuma cikin unguwa ko ƙauye za ku, da ɗan gari akan ci gari: mai unguwa ko dagaci, sannan liman. Za su yi muku tambayoyin da za ku ji kamar tuhuma ce: wa ya aiko ku, wa ya ba ku kuɗi, za ku ɗebi jini? Kada ranku ya ɓaci. Mutanen nan suna da tarihi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 bai fita daga zukata ba, kuma yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Duk wanda ya zo da farar riga ya gaji wannan bashin, ko an haife shi a lokacin ko ba a haife shi ba. Zaman da za ka yi a kan tabarmar dagaci kana bayyana kanka dalla-dalla, darasi ne a kan amanar sana'a da babu kwas ɗin da ke koyar da shi.

Mataki na 4: Juya shi zuwa Hausa, ka ga abin da ka sani da gaske

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ɗalibai suka fi raina wa. Ka zauna da ƙanenka ko kakarka ka bayyana darasin ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. Minti biyu za ka yi ka gano cewa rabin abin da kake kira ilimi hadda ce. Turanci yana ba ɗalibi mafaka: ka furta doguwar kalma, kowa ya yi shiru, kai ma ka ɗauka ka gane. Hausa ba ta da wannan rufin asirin. In ka ce wa tsohuwa "osmosis" za ta ce, "Wane ne shi?" Dole ka koma kan yadda gishiri ke jawo ruwa daga jikin yankakken tumatir.

Sai kuma tarkon kalmomi. Ɗauki "ƙwaya". Ita ce ta magani, ita ce ta hatsi, ita ce ƙwayar cuta, ita ce ƙwayar halitta, kuma ƙwayar halittar ma wani yana nufin tubalin ginin jiki, wani yana nufin abin da ake gada daga iyaye. In ka jera su uku a jimla ɗaya ka rikita ɗakin. Ka zaɓi suna ɗaya ga kowane abu tun daga gida, ka tsaya a kansa. Haka "iska": ka ce tarin fuka yana bin iska, wani dattijo ya gyaɗa kai, alhali shi iskokai ya fahimta. Gara ka ce yana fita cikin numfashi da tarin mai ciwon, na kusa ya shaƙa. Haka rukunin jini da jinotayif: mutane da yawa abu ɗaya suka ɗauke su, za ka ji ana cewa "ai ni O ne, ba ni da matsala" a maganar sikila. In ba ka raba su tun farko ba, duk abin da ka gina a sama ya rushe.

Ka rubuta ƙamus ɗinka a bayan littafi: kalmar fanni, yadda ka faɗe ta, da yadda mutane suka maimaita maka ita. Layi na ukun ya fi daraja. Wani lokaci yaro zai ba ka kwatancen da ya fi naka, ka karɓa ka yi godiya. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke karatu da Faransanci a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko jami'ar Maraɗi, wannan katangar ce dai suke haurawa, harshen kawai ya bambanta.

Mataki na 5: Kayan gwaji daga kasuwa

Gani ya kori ji. Amma kada ku jira jami'a ta ba ku kaya, kuma kada ku ɗauki abin da malamin makarantar ba zai iya maimaitawa ba bayan tafiyarku. Ga guda biyu da suka ci jarrabawa.

Zoɓo. Ka jiƙa shi a ruwan zafi, ka tace, ka sirka shi da ruwa har ya yi ja mai haske, kada a sa sukari. Ka zuba a kofunan roba masu nuna ciki guda huɗu. Na farko a bar shi haka don kwatance. Na biyu a matsa lemun tsami, jan ya ƙara fitowa. Na uku a zuba ruwan kanwa, na huɗu tacaccen ruwan toka: nan take launin zai juye ya yi duhu mai ratsin kore. Kada ka yi bayani tukuna. Ka kira yarinya ɗaya ta matsa lemun tsami cikin kofin kanwar, a hankali, ajin yana kallo jan yana dawowa. Sai ka tambaye su me ya sa iyayensu mata ke jefa kanwa a miyar da ta yi tsami. Daga bakinsu za a ji darasin asid da alkali, kai naka ɗora suna ne kawai.

Wake. Don bayanin gadon sikila, ka samu jaka biyu marasa nuna ciki, ɗaya uba ɗaya uwa. Kowace ka zuba farin wake 20 da jan wake 20. Fari shi ne A, gadon jini lafiyayye, ja shi ne S, gadon sikila, wato iyayen duka AS ne. Yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya daga kowace jaka: wannan haihuwa ɗaya ke nan. A rubuta a allo, a mayar da waken, a girgiza, wani ya zo. Bayan zagaye 40 za a ga ja biyu, wato mai sikila, sun fito wajen sau 10, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan. Amfanin wasan yana wurin da ja biyu suka fito sau biyu a jere. Nan za ka tsaya, don akwai masu cewa in ɗa na farko ya zo da sikila, ukun da ke biye sun tsira. Jaka ba ta tuna abin da ta bayar ɗazu. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, ɗaya cikin huɗu. Ka kuma tuna cewa a ajin nan da wuya a rasa mai sikila ko ƙanin mai ita, saboda haka ka auna kalmominka. Kada wani ya koma gida yana ganin auren iyayensa kuskure ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya: kowane gwaji a yi shi sau uku a ɗakin kwana kafin a fita da shi. Ni na taɓa tsallake wannan. Na sayi yis a wani shago, na haɗa da sukari da ruwan ɗumi a kwalba, na ɗaura balan-balan a baki, na yi wa aji guda alkawarin za ta kumbura. Minti ashirin tana kwance kamar kunnen akuya. Yis ɗin ya mutu tun a shago. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, ko a hura mata?" Dariyar da aka yi har yau ina jin ta. Abin da ya cece ni, na juya tambayar gare su: me zai iya hana ta tashi? Suka kawo zafin ruwa, suka kawo tsufan yis, suka kawo ɓular balan-balan. Mako na gaba muka dawo da kwalba uku muka gwada kowanne.

Dokoki kaɗan da ba a sassautawa: babu allura, babu ɗibar jini, babu haɗa ruwan bilic da wani abu mai tsami don iskar da ke fita guba ce, babu kallon rana kai tsaye ko ta madubi, babu ɗaukar hoton yara sai da izinin makaranta.

Mataki na 6: Ranar fita, da kalmar "ban sani ba"

Ku isa kafin lokaci, shiga ta mutunci, minti 40 sun isa, rabinsu na tambayoyi. Ka faɗi sunanka da sashenka da ajinka, ka faɗi unguwar da ka fito da irin makarantar da ka yi. Wannan jimla ta ƙarshen ta fi gwajin tasiri a wurin wasu yaran.

Za a yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, tabbas. Jarabar ita ce ka lulluɓe ta da Turanci. Kada ka yi. Ka ce, "Wannan ban sani ba, amma na rubuta, ranar Laraba zan zo da amsa." Sannan ka zo da ita. Ɗalibin da ya koma laburare saboda tambayar yaro, ba don jarrabawa ba, ya riga ya canza matsayi ko bai lura ba.

Akwai wata jarabar da ta fi wannan daɗi. Da zarar an ga farar riga, sunanka ya zama "Likita". Bayan taro wata uwa za ta jawo ka gefe: "Likita, yaron nan kwana uku jikinsa da zafi, me zan ba shi?" Ko da likitancin kake karantawa, ba ka da lasisi. Amsar ita ce, "Baba, ni ɗalibi ne, ban kai ba da magani ba. Ki kai shi asibitin sha-ka-tafi yau a yi masa gwajin zazzaɓi, kada a kwana." Shi ya sa tun kafin ku zo ya kamata ku san asibiti mafi kusa da ranakun da ake ganin yara. Kuma ka gyara sunan cikin ladabi duk lokacin da aka kira ka da shi. Wanda ya cika likitanci a JAMB bai samu ba zai ji zafin wannan gyaran sau ɗaya ko biyu. A na ukun zai ji kansa yana cewa, "Ni fannin binciken ƙwayoyin cuta nake karanta, mu ne muke gano abin da likita zai yi wa magani," kuma babu wutsiya a ƙarshen maganar.

In tambaya ta taɓo addini, kamar ƙaddara da gadon cuta, kada ka hau mumbari, kada kuma ka yi gatsali. Ka faɗi abin da gwaji ke nunawa, ka bar fatawa ga masu ita. In limamin unguwa yana wurin, ka miƙa masa.

Mataki na 7: Zaman bita da littafi

A ranar, kafin kowa ya watse, ku zauna minti 20 ko a gindin bishiya ne. Kowa ya faɗi inda ya ga ajin ya ɓace, da tambayar da ta fi ba shi mamaki. Sannan kai kaɗai, da dare, ka rubuta rabin shafi: me na bayyana da kyau, ina na kame-kame, wane ɓangaren aikin ne na ji daɗinsa har na manta da lokaci. Wannan tambaya ta ƙarshe ka riƙe ta da kyau. Bayan fita shida ka karanta daga farko. Wani zai ga ashe tsayuwa gaban allo ce ke faranta masa rai, wani haɗa kayan gwaji, wata kuma tattara tambayoyi da lissafa su, wata zaman lallashin dagaci. Malami ke nan, da ma'aikacin ɗakin gwaji, da mai bincike, da jami'ar lafiyar al'umma. Digiri ɗaya za a ba su duka, littafin ne zai raba musu hanya.

Mataki na 8: Koma, sannan ka ɗinke shi da karatunka

Makaranta ɗaya sau shida ta fi makaranta shida sau ɗaiɗai. Ku tsara zangon karatu guda, fita kowane mako biyu, a kauce wa lokacin jarrabawarku da tasu. Ranakun duniya suna taimakawa wurin samun izini da ɗan tallafi: 11 ga Fabrairu ta mata a fagen kimiyya, 25 ga Afrilu ta zazzaɓin cizon sauro, 19 ga Yuni ta sikila. Amma su zama ƙofar shiga, kada aikin ya mutu washegari.

Tambayoyin da kuka tara su ne jarinku. A cikinsu akwai taken firojet na aji huɗu wanda ba kwafo shi aka yi daga na bara ba: ingancin ruwan rijiyoyin unguwar, ko abin da 'yan sakandare suka fahimta game da jinotayif. In za ka mayar da su bincike, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, malaminka zai nuna maka hanya. Lokacin SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu, ka nuna littafinka a inda aka tura ka, yakan sa a ba ka aikin hannu maimakon aiken sayen abinci. Lokacin bautar ƙasa kuma, ranar hidimar al'umma ta mako-mako za ta same ka da shiri a hannu. Ka nemi masu irin aikin a intanet. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Yobe mai binciken ƙwaƙwalwa a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya kafa Science Communication Hub Nigeria don haɗa masana da jama'a, kuma yana cikin waɗanda suka tsayar da cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu.

A takardar neman aiki kada ka rubuta "na halarci wayar da kai". Ka rubuta makaranta nawa, fita nawa, ɗalibai nawa, wane darasi ka tsara da kanka, kuma a wane harshe. Ka karɓi wasiƙar shaida daga shugaban makarantar tun kana gari, don bayan shekara biyu an yi masa canjin wurin aiki.

Kafin ka shiga zangon ƙarshe, ka ɗauki 'yan aji biyu mutum biyu su bi ku fita uku, a ta farko su kalla, a ta biyu su riƙe kofunan zoɓo, a ta uku su tsaya gaban allo kai kana baya da littafi. Ka damƙa musu ƙamus ɗin, da jakunkunan wake, da kwafin takardar shugaban sashe, ka kuma kai su da kanka ka gabatar da su ga malamin kimiyya da mai unguwa.